Mazan barewa sun cika min kyamara a watan Agusta, yanzu babu ko ɗaya. Ina suka shiga?

Wani ɗan'uwa mazaunin Madison a jihar Wisconsin ta Amurka ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice. Bara ya yi kwas ɗin koyon farauta ya karɓi takardarsa. Bana wani manomi a gundumar Richland ya ba shi izinin farauta a filinsa mai eka 80, rabi gonar waken suya da masara, rabi daji a kan tudu. Ya sayi kyamarorin dako guda uku, irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin bishiya su ɗauki hoton duk abin da ya gifta, ya kafa su a bakin gonar tun watan Yuli. Kusan kullum da yamma sai ya sami hoton mazan barewa huɗu tare, ɗaya da ƙaho mai rassa goma. Daga wajen 10 ga Satumba sai ɗif, ba ya samun komai sai mata da 'ya'yansu da talotalon daji. Duk Asabar yana zuwa ya duba. Yana tambaya ko wani ne ya harbe su, ko ya zuba masara da gishiri su dawo, kuma ina ya kamata ya mayar da kyamarorin kafin a buɗe farautar bindiga a watan Nuwamba.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani ya harbe su. Abin da ya same ka yana samun kusan duk wanda ya fara wannan harka, ni ma ya same ni, har na zargi maƙwabcin gonar da nake zuwa a raina, Allah Ya yafe min. Barewar nan mai farar wutsiya tana da rayuwa biyu a shekara, kai kuwa ta farkon ka yi wa hoto.

Namijinta ba kamar gada ko barewarmu ta gida ba ne da ke rayuwa da ƙaho ɗaya har mutuwa. Duk shekara yana zubar da ƙahonsa tsakanin Janairu da Maris, wani sabo ya tsiro. Cikin watannin zafi ƙahon yana nan ɗanye, jini na gudana a cikinsa, wata fata mai laushi kamar karammiski ta lulluɓe shi. A wannan lokaci namiji ba shi da abin yi sai ci da kwanciya. Ba ya faɗa, ba ya neman mata, yana kaffa-kaffa da ƙahon don ko reshe ya buge shi sai ya ji ciwo. Shi ya sa mazan ke haɗuwa uku, huɗu, biyar kamar 'yan majalisa, su kwanta kusa da gonar waken suya ko ta alfalfa (wata ciyawa da ake nomawa don dabbobi), la'asar sakaliya su fito su ci ganye. Ba su damu da haske ba. Babu watan da ya kai Agusta daɗin kallon hoto, kuma babu watan da ya kai shi yaudara.

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba rana ta fara gajarta, jikin namiji ya ji wannan canji, sinadarin mazakuta ya hau. Jini ya daina zuwa ƙaho, ƙahon ya ƙeƙashe ya zama ƙashi, fatar nan ya goge ta a jikin ƙananan itatuwa cikin yini ɗaya ko biyu. Daga ranar abokan jiya sun zama kishiyoyi. Majalisa ta watse, kowa ya kama gabansa. Wasu su zauna nan kusa, wasu su koma wani yanki mai nisan mil ɗaya ko biyu inda suka saba yin kaka. A daidai wannan lokaci ne kuma ganyen waken suya ke yin rawaya ya daina yi musu daɗi, sannan bishiyoyin ok (oak, manyan itatuwa masu 'ya'ya kamar gyaɗa mai hula) na cikin daji su fara zubar da 'ya'ya. Wanda abinci ke faɗo masa a bakin shimfiɗa, me zai kai shi fili da rana? Abu uku ne suka haɗu a mako guda: ƙaho ya bushe, wake ya tsufa, daji ya yi 'ya'ya. Kiɗa ya sauya, kyamarorinka kuma suna nan suna kallon tsohon dandali.

Ka kuma yi lissafin fili. Babban namiji yakan yi yawo a yanki mai faɗin kusan mil guda murabba'i, wato eka 640, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Kai eka 80 gare ka. Ko da mai rassa goman yana nan unguwar, filinka ɗaki ɗaya ne cikin gidansa. Amma abin da ya tafi da naka shi zai kawo maka na wani. Kada ka yi mamaki cikin Oktoba ka ga baƙon namiji da ba ka taɓa gani ba, wanda wani can gaba ya yi wata biyu yana wa hotonsa kirari.

Batun masara da gishiri, cire shi daga ranka tun yanzu. Na san abin da ya sa ya zo maka, duk wanda ya tashi yana ganin ana ba shanu da tumaki kanwa zai yi wannan tunani, kuma gaskiya ne barewa na son lasa, musamman a watannin zafi. To amma a gundumar Richland, da mafi yawan gundumomin Wisconsin, doka ta hana zuba wa barewa abinci ko gishiri, ko don farauta ko don hoto kawai. Dalili shi ne cutar CWD, wadda ke cinye ƙwaƙwalwar dabba a hankali har ta rame ta mutu, ba ta da magani ba ta da rigakafi. An fara gane ta a Colorado a 1967, aka tabbatar da ita a Wisconsin a 2002 a jikin barewar da aka harbe wajen Mount Horeb, nan kusa da ku. Tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da kashi, ta daɗe a cikin ƙasa, saboda haka duk inda aka tara dabbobi suna lasar wuri ɗaya an buɗe mata kasuwa. Kudu maso yammacin jihar, inda gonarka take, nan ta fi ƙarfi. Za ka ci karo da wata hanyar ƙidayar barewa da Harry Jacobson da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Mississippi suka fitar a 1997, kyamara ɗaya ga kowace eka 100, a zuba masara a gabanta na tsawon mako biyu, a ƙirga mazan ta hanyar bambancin ƙahonsu. Hanya ce mai kyau, amma ba a wurinku ba. Tara za ta ja maka, ta kuma ja wa manomin da ya yi maka karamci.

Kafin in faɗa maka inda za ka mayar da su, akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato zuwan da kake yi duk Asabar. Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike, amma a wannan sana'a aiken ake so, shi ya sa ka sayi ɗan aike. Barewa da hanci take rayuwa. Duk inda ka taka, duk reshen da ka dafa, duk igiyar da ka ɗaure da hannu mai gumi, ka bar mata saƙo na kwanaki. Mata da 'yan shekara ɗaya sukan yi haƙuri da wannan. Namijin da ya tsallake farauta huɗu ko biyar ba ya yi. Ba lallai ya bar filin ba, sai dai ya mayar da fitowarsa tsakar dare, ka riƙa samun hotonsa ƙarfe biyu kana murna, alhali doka ba ta ba ka damar harbi ba sai daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta. A shekarata ta biyu na kafa kyamara taku kaɗan daga wata sarƙaƙiya da na ga makwanci a cikinta. Makon farko na sami wani ƙato sau uku da hantsi. Daɗi ya kwashe ni, na riƙa komawa duk bayan kwana huɗu. Hotonsa na ƙarshe da na samu, yana tsaye ya zuba wa kyamarar ido, kunnuwa a miƙe. Ban ƙara ganinsa da rana ba har aka rufe farauta. Ni na koya masa inda nake.

Saboda haka ka riƙa zuwa sau ɗaya a mako uku ko huɗu, da tsakar rana, lokacin da suke kwance. In ka sami ranar da ake yayyafi ko ana dab da ruwa, ta fi, ruwan zai wanke sawunka. Ka duba iska kada ta kwashi warinka ta kai cikin duhuwar da kake zaton suna ciki. Sa takalmin roba da safar hannu, ka tafi da katin memori na canji, ka zare ka sa ka wuce, kada ka tsaya kallon hoto a gindin bishiya. In manomin zai ɗauke ka a tarakta ko ƙaramar motarsa ta gona zuwa bakin daji, karɓi tayin da hannu biyu. Sun saba da ƙarar injinsa, ba ta dame su ba. Mutum mai sanɗa a ƙafa shi ne abin tsoro. Ka kuma fesa wa tufafinka maganin kaska na permethrin, don kaskar da ke kawo cutar Lyme ta yi yawa a dazukan Wisconsin, kuma ba ta wuce ƙwayar riɗi girma ba.

Yanzu wurare. Da ni ne da kyamara uku a filin nan, ta farko zan kai ta kan karce. Ga abin da nake nufi. Daga ƙarshen Satumba namiji yakan sami reshe da ya sunkuyo daidai tsayin kansa, ya tauna shi, ya goga masa goshi da gefen ido inda wani maiƙo mai wari ke fitowa, sannan ya karce ƙasar da ke ƙarƙashin reshen da kofato har ta fito fili kamar faifai, ya yi fitsari a ciki ta kan gwiwoyinsa na baya. Wannan wuri allon sanarwa ne. Duk namijin da ya ratsa unguwar sai ya tsaya ya shinshina ya bar nasa, mata ma suna tsayawa. Babu inda za ka ƙirga mazan yankinka cikin sauri kamar nan, kuma da yake suna tsayawa su ɗaga kai, za ka ga ƙahon ta kowace fuska. Nemi karce a bakin daji, ko kan tsohuwar hanyar masu yankan katako, ko inda hanyoyinsu biyu suka haɗu. Reshen shi ne sirrin, in ka karya shi ka kashe wurin. In ba ka samu ba, yi naka: ɗaure kurangar inabin daji ko igiya mai kauri ta sauko zuwa ƙirjinka, ka share ƙasan da sanda. Ba sai ka sayi kwalbar fitsarin barewa ba, wasu jihohi irin su Virginia da Vermont ma sun hana amfani da shi saboda cutar nan. Ƙasar da aka tone sabuwa ta isa ta jawo su.

Sai dai ka san iyakar abin da karce zai gaya maka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Georgia da kyamarorin bidiyo ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na ziyarar karce da dare ake yin ta. Wato wurin ƙidaya ne, zai ce maka wane ne ke nan. Ba zai ce maka nan za ka zauna dako ba, sai fa karcen da ke can cikin duhuwa kusa da makwanci, a makon ƙarshe na Oktoba.

Ta biyu zan kai ta matsatsi. Ƙasar Richland tuddai ne da kwaruruka, irin yankin da ƙanƙarar zamanin da ba ta daddaɓe ba, kuma wannan alheri ne gare ka domin tudu yana tilasta wa dabba hanya. Buɗe taswirar da ke nuna hawa da gangara a wayarka. Nemi inda doron tudu ya lotsa kamar sirdi, nan suke ƙetarawa daga wannan kwari zuwa wancan. Nemi kan kwazazzabo, inda ramin ya ƙare daga sama, don ba sa son sauka su hau, sai su zagaya ta kansa. Nemi inda wayar shinge ta faɗi, ko mashigin rafi da sawu ya tattake, ko siririn daji da ya haɗa manyan dazuka biyu. Irin waɗannan wurare ba ruwansu da wake ko masara, bana suna aiki, baɗi suna aiki. Cikin Nuwamba, lokacin barbara, namiji yana bin mata daga wannan makwanci zuwa wancan har da rana tsaka, kuma ta nan zai bi. Wannan kyamarar in son samu ne ka kafa ta ka manta da ita har Disamba.

Ta uku ita ce mai yawo, tana bin abinci. A yanzu wurinta gindin farar ok. Iri biyu ne manya a dajinku: fara, mai ganye da gefensa ya yi kumbo-kumbo ba tsini, da ja mai ganye da tsini. 'Ya'yan farar ba su da bauri sosai, su barewa ke fara cinyewa, na jar kuwa sai daga baya. Ba kowace bishiya ke yi kowace shekara ba, don haka sai ka duba ƙasa. In ka ga hulunan 'ya'yan birjik, ganye a birkice, ga sabon kashi baƙi mai sheƙi kamar na awaki, ka sami wurin. Mako biyu ko uku zai yi ya mutu. Daga nan ka tambayi manomi ranar da zai girbe masara, don masara a tsaye ɗaki ce da abinci a wuri guda, namiji na iya yin kwanaki a cikinta bai fito ba. Ranar da injin ya shiga, duk abin da ke ciki zai koma daji, hotunanka su canza dare ɗaya.

Ka lura ban ce ka kai ko ɗaya cikin makwanci ba. A ƙasar tudu babban namiji yakan kwanta a hancin tudu, ƙasa kaɗan da doro, iska na zuwa masa ta baya, idonsa na kallon gangara. Abin da ke bayansa ya ji warinsa, abin da ke gabansa ya gan shi. Ba za ka shiga nan bai sani ba. Tsaya nesa, ka tare hanyar fitarsa.

Ɗaurin kansa ba wuya, amma nan mutane ke asarar makonni. Idon da ke tayar da kyamara ɗumi mai motsi yake ji, kuma ya fi jin abin da ya gifta ta gabansa a kan abin da ya nufo shi kai tsaye. In ka fuskantar da ita daidai tsakar hanya ta gefe, mai sauri zai bar maka hoton wutsiya. Karkata ta ta kalli hanyar a jirge, dabba ta daɗe a cikin ido. Fuskarta arewa in da hali, don rana ta kudu take bi, kuma gabas da yamma za su wanke maka hoton safe da na yamma, lokutan da ka fi bukata. Share ciyawa da rassan da ke gabanta, in ba haka ba iska ta kaɗa su cikin rana ka tarar da hoto dubu uku na ganye, batir ya mutu. Yawanci ana ɗaurewa daidai ƙugu. Ni na fi son in ɗaga ta sama da kaina in sa ɗan itace a bayanta ta sunkuyo, barewa ba ta cika lura da ita ba, ɓarawo ma haka. In za ka ƙara saye, nemi wadda fitilarta ta dare ba ta yin ja ko kaɗan. Hotonta bai kai na mai jan haske kyau ba, amma a kan karce, inda dabba ke tsayawa kusa, ta fi. Batir kuwa na lithium, don na gama-gari sanyin Nuwamba na kashe shi. A kan karce ka sa ta ɗauki hoto uku a jere ko bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar, domin sau da yawa macen ce ke gaba, namijin na biye da ita.

Akwai masu aiko hoto ta waya, kuma ga mai zama Madison da gona a nesa suna da amfani na gaske, don sun raba ka da yawan shiga. Sai ka gwada sabis a wurin tukuna, kwarurukan yankin nan ba ko'ina yake kaiwa ba, ga kuɗin wata. Ra'ayina a kansu shi ne su gaya maka labarin mako, kada su zama masu kiran ka kana zaune su ce ga shi can bayan tudu, tashi. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kuma take riƙe da kundin manyan ƙahoni, ba ta karɓar dabbar da hoton nan-take ya kai maharbi gare ta. Wasu jihohin sun wuce nan: Arizona ta hana kyamarar dako don farauta gaba ɗaya tun farkon 2022, Kansas ta hana a filayen gwamnati a 2023. A Wisconsin an yarda, amma in wata rana ka kai taka filin hukumar DNR mai kula da dazuka da namun dajin jihar, sai ka rubuta sunanka da adireshi ko lambarka ta hukumar a jikinta. Abin ba sabo ba ne a wannan yanki, ka sani. George Shiras ya riƙa ɗaura zare a hanyar barewa a arewacin Michigan tun shekarun 1890, dabba ta taɓa zaren, hodar fitilar kyamara ta yi walƙiya, ta ɗauki kanta hoto, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906.

Abin da ke raba mai tara hotuna da maharbi shi ne karatun hoton. Yawancin mutane ƙaho suke kallo su tura wa abokai. Kai ka kalli agogon da ke ƙasan hoton, da inda hancin dabbar ya dosa. In ka same shi a bakin gona ƙarfe ɗaya na dare, bai gaya maka komai ba sai cewa yana raye, yana iya yiwuwa daga mil guda ya taso. In ka same shi minti goma bayan magariba yana fitowa daga daji, to makwancinsa na kusa, kuma da sauran haske ya miƙe. Ja kyamarar baya ta hanyar da ya fito, taku ɗari, ka jira. In kuma da asuba ne yana shiga, ka ga ƙofar ɗakinsa. Duk hoton babban namiji da aka ɗauka da haske, buɗe littafi ka rubuta kwanan wata, lokaci, wace kyamara, ina ya fito, ina ya nufa. Sannan ka nemi tarihin yanayin ranar a intanet, na tashar da ta fi kusa, ka ƙara da inda iska ta taso da ko sanyi ya sauko. Bayan hoto biyar ko shida sai ka ga abu ya fara fitowa, misali ba ya bin sirdin nan sai iska na tasowa daga kudu maso yamma, domin ita ke kawo masa warin abin da ke gabansa. Wannan layi ɗaya ya fi hoton Agusta ɗari. Ka haɗa da halin iskar tudu: da safe in rana ta ɗumama ƙasa tana hawa sama, da yamma in wuri ya huce tana gangarowa kwari, ko da me hasashen yanayi ya ce.

Shekarunsa ma a jiki ake karantawa, ba a ƙaho ba. Ɗan shekara ɗaya da rabi kamar mace yake da aka ɗora wa ƙaho, dogayen ƙafafu, siririn wuya. Ɗan uku da rabi ƙirji ya cika, ciki a ɗame kamar dokin sukuwa. Daga huɗu da rabi wuya da ƙirji sun haɗe, ƙafafun sai ka ga kamar sun gajarta, in ya ƙara shekara ciki ya fara sauka. Hoton Oktoba zuwa Nuwamba ake yi wa wannan hukunci, na Agusta kowa siriri ne. Kuma tunda farautarka ta farko ce, shawarata kada ka ɗaura wa kanka mai rassa goma. Mutanen Wisconsin suna da ciwon ƙaho, jiharsu ce ta fitar da barewar James Jordan a 1914 wadda ta daɗe tana riƙe da kambun duniya kafin ta Milo Hanson ta Kanada ta karɓe a 1993, kuma za su sa ka ji kamar ƙarami abin kunya ne. Ba abin kunya ba ne. Mace mai ƙiba in kana da takardar izinin harbinta ta fi tsohon namiji daɗin nama, manomin kuma zai gode maka don su ke cinye masa wake. Ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka same ta da sauran rai ka yanka. Ka kai kan a gwada cutar CWD, kyauta ne, kada a ci naman sai sakamako ya fito. Ba a tabbatar ta taɓa kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci wadda aka samu da ita, kuma manyan maza sun fi kowa ɗauke da ita.

Akwai gaskiyar da zan faɗa maka game da bindiga. Farautar bindiga kwana tara ce, ana buɗe ta ne Asabar ɗin da ke gaban Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, lokacin ganiyar barbara ta tsakiyar Nuwamba ta ɗan wuce, kuma safiyar farko mutum fiye da rabin miliyan ne ke shiga dazukan jihar da rigunan ruwan lemo. Kafin hantsi duk tsarin da ka rubuta a littafi ya rushe, barewa ba abinci take nema ba, mafaka take nema. Abin da zai yi maka aiki ranar shi ne matsatsin nan da ke kaiwa ga sarƙaƙiyar da ta fi kowace muni a filin. Ka shiga tun da duhu, ka zauna har azahar, lokacin da maƙwabta ke tashi cin abinci suna koro maka su. In kana son ka ci moriyar kyamarorinka sosai, nemi lasisin baka mai kunama (crossbow, bakan da ake harbawa kamar bindiga), wanda aka buɗe wa kowa tun 2014. Lokacinsa ya riga ya fara tun tsakiyar Satumba, kuma kwanakin da ke tsakanin 25 ga Oktoba da 10 ga Nuwamba su ne manyan maza ke tafiya da rana ba tare da an firgita su ba.

Kada ka sauke kyamarorin in an rufe farauta. Bar su har Janairu ka ga wanda ya tsira. A abin da na gani cikin shekarun nan, namijin da ya bayyana a wani sirdi a makon farko na Nuwamba, in ya rayu, sau da yawa yakan sake bayyana a nan cikin kwanaki kaɗan na wannan kwanan wata a shekara mai zuwa. Hotunan bana na baɗi ne. A watan Maris, ƙanƙara ta narke ganye bai fito ba, sai ka shiga duk inda na hana ka yanzu, ka ga makwanci da idonka, ka bi layin itatuwan da suka saɓule da ƙaho, wataƙila ma ka tsinci ƙahon mai rassa goman a ƙasa.

Wannan Asabar ka je sau ɗaya da azahar, ka kwashe ukun daga bakin wake, ka kafa su inda na ce, sannan ka leƙa gidan maƙwabcin gonar ka gaishe shi ka karɓi lambarsa, domin in dabbar da ka harba ta tsallaka shinge ba ka da ikon bin ta sai da izininsa. Kada ka fuskantar da kyamara cikin filinsa. Ka koma wajen 20 ga Oktoba. Lahadin farko ta Nuwamba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, yawancin kyamarori kuma ba sa gyara kansu, don haka duk hoton da ya biyo bayan ranar ka cire masa awa guda kafin ka rubuta shi a littafi.